Tayin Baba Henk da Tankin Adabka

Tun da na dawo daga ƙasar Holan ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin Ɗanjuma a bakin tashar Gummi, kafin kofi ya kai bakina wani ya dafa ni: "Sanda, wai da gaske na can rana ba ta hitowa?" Kafin in amsa wani ya ce shi dai in faɗa masa ko sun ba ni mata. Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ƙara kamar ƙyauren langa-langa, kuma na lura yana ƙara tsawo a bakin mutane. Shekaranjiya na ji ana cewa wai da sarkin ƙasar na ci abinci. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma ga shayina.

Yawancinku da gyaran sola da inbata kuka san ni, don haka sai na fara da abin da ya kai ni. A Adabka, garin Inna Kulu, ƙanwar uwata, akwai bohol mai sola da wata ƙungiyar agaji ta haƙa ta tafi abinta. Akwai irinsa a Zugu da wasu ƙauyukan Bukkuyum. A gindin tankin akwai akwatin ƙarfe, cikinsa allo kamar tafin hannu, a tsakiyar allon kuma furosesa, baƙi, mai ƙafafu kamar shanshani. Shi ke kunna samo, injin da ke ƙasan rijiya yana turo ruwa, shi ke kashe shi in tanki ya cika. Ƙafa ɗaya tana iya aiki iri-iri, sai wanda aka ce ta yi. Abin da ke gaya mata wani guntun rubutu ne da muke kira direba, yana zaune cikin kanel, wato zuciyar babbar manhajar nan ta kyauta da mutanen duniya ke haɗuwa su rubuta. Sai kuma abin da muke kira katsewa: in wani abu ya faru a waje, ƙafar ta tsunguli furosesa, ya bar abin da yake yi ya juyo. Kamar kana cikin hira a leƙo a ce maka akuya ta shiga rumbu.

In tanki ya cika, wata ƙwallo da ke yawo a kan ruwan sai ta taɓa makunni, ƙafa ta yi tsunguli ɗaya, furosesa ya kashe samo. Haka aka tsara. Amma tankin Adabka a kan dogayen ƙarafa yake. In iska ta taso sai ya riƙa rangaji, ruwa na tangaɗi, ƙwallo ta taɓa ta saki, ta taɓa ta saki. Tsunguli ya yi wa furosesa yawa, sai ya daskare kamar kurtun da manya goma suka ba umarni lokaci guda. Samo ya yi ta ja har rijiya ta ƙafe, ya ƙone. Duk ranar da ya ƙone kuwa, mata da 'yan mata gulbi suke komawa ɗiban ruwa. Kun san abin da ke bakin gulbi a shekarun nan, ba sai na rubuta ba.

Na yi wa direban faci, layuka kaɗan da ke ce wa ƙafar ta dakata sai ƙwallo ta natsu kafin ta yi tsunguli. Ya yi aiki. Matsalar ita ce duk lokacin da allon ya jawo sabuwar manhaja ta layin waya sai facina ya goge, don ba ya cikin kanel. Kuma ba mai sa shi ciki sai mai riƙon direban, wani dattijo a Holan sunansa Henk.

Imel ɗin farko da na aika masa na yi gaisuwa irin ta mutanen kirki. Na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi damina, har dabbobinsa na gaisar in yana da su. Amsarsa ga ta duka: "A cire gaisuwa. A raba facin gida biyu. Layukan sun yi tsawo." Ranar ban ci tuwo ba. Na gyara na sake aikawa, ya sake dawo da shi, muka yi ta haka har na fara mafarkinsa da ƙaho. Ana nan sai ya sanar wa kowa cewa idanunsa sun gaza, zai ajiye aiki. In ba wanda ya karɓi direban, za a rubuta masa maraya, daga nan a cire shi daga kanel gaba ɗaya. In aka cire shi kuwa, ba faci ba, allunan kansu sun zama kayan gwangwan. Sai ga imel nawa ni kaɗai: suna ɗan taro a garinsu, akwai asusun da ke ɗaukar nauyin masu zuwa daga nesa. "Ka zo da allon. Ba na karɓar facin da ban ga yana aiki ba."

Labarin biza littafi ne daban, kuma mai karanta shi sai ya yi kuka, don haka na tsallake.

Na hau kabu-kabu zuwa Adabka in ɗauko allon ajiya da ƙwallo ɗaya. Inna Kulu ke riƙe da mabuɗin akwatin, a bakin zanenta yake kwana. Ta tsaya a kaina ina kwance waya.

"Sanda, ina za ka da kan bohol?"

"Turai, Inna. Mai shi na son ganinai."

"To ka hwaɗa ma mai shi, in samo yas sake ƙonewa ni ba ni aika ɗiyan mutane gulbi. Shi zo shi ɗebo muna da kainai."

Ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli da kilishi, sannan ta kama kunnena, ni da furfura a gemu. "Kuma gidan mutane za ka. Kak ka ba mu kunya. In anka yi maka tayi kak ka yi rawar jiki kamar wanda bai taɓa ganin abinci ba." Dangin uwata Fulani ne. A gidanmu yaro ya ce yana jin yunwa a gaban baƙi abin a yi zaman dangi ne.

Daga Gummi na shiga mota zuwa Gusau. Direbanmu mai surutu ne, tun daga tasha yake zagin gwamnati da surukansa, amma muna wuce Daki Takwas ya yi tsit, kowa ya yi tsit, har jaririn da ke bayana ya san inda muke. Dab da Anka sojoji suka tsayar da mu. Wani ya zuge jakata ya ga allo da wayoyi ja da baƙi da ƙwallo a ɗaure. Ban taɓa ganin mota ta zama fanko da sauri haka ba. Wata tsohuwa da ta ce mana ƙafarta ba ta takuwa, a bayan kuka na hango ta. Na ɗaga hannu sama na yi bayanin samo da tanki da tangaɗin ruwa. Sojan ya girgiza ƙwallon a kunnensa, ya dube ni, ya ce bohol ɗin sansaninsu ma ya lalace, in ba shi lambata. Tsohuwar ta dawo mota ta yi ta tsine mini har Mayanci.

Jirgi ba abin faɗa. An ɗaure ni a kujera an ba ni shinkafa a akwatin ashana. A iyakar Holan ne na shirya wa tashin hankali, na haddace bayanin allon da Turanci. Ma'aikaciyar ta ɗaga shi ta juya ta mayar, ko tambaya ba ta yi ba. Sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da rigar aiki, ya zo ya zauna a gaban jakata yana kallona kamar mun taɓa rigimar gona. Kilishi ya ji. Ba a shiga musu ƙasa da nama. Abin da ya kusa sa a harbe ni a Anka ya wuce lafiya, kilishin Inna Kulu ne ya shiga hannun hukuma. Ƙuli-ƙuli suka shinshina, suka ƙwanƙwasa a tebur, suka yanke cewa kayan gini ne, suka bar mini.

Baba Henk da kansa ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Ba shi da ƙaho. Dogo ne, da na ɗaga kai in ga fuskarsa sai da hulata ta faɗi, tabaransa kuma kaurin gindin kwalba. Na durƙusa zan fara gaisuwa, ya miƙo hannu ya ce, "Ka iso. Ina allon?" Da Turanci muke magana, ni ne nake mayar muku da ita. Na duba in ga motarsa, sai ya nuna mini kekuna biyu. A ƙasar nan kowa keke, likita keke, alƙali keke, na ga tsohuwa da 'ya'ya uku da tukunyar fure a kan keke ɗaya. Rabona da keke tun kafin in yi tumbi. Muka tafi, babbar rigata na kama iska, yayyafi na dukan fuskata, mutane na kaɗa mini ƙararrawa. A kowane titi akwai magudanar ruwa mai faɗin gulbi, ruwa har ya rasa inda za shi. Na ce a raina da za su yarda da musaya, in ba su rana su ba ni wannan.

A gidansa aka sauke ni, a ɗakin sama. Matakalar tsaye take kamar tsanin rumbu. Ba buta a bayi, sai na ari abin ban-ruwan furen matarsa, Annika, mace mai fara'a wadda ba ta tambayi dalili ba. Rana ba ta ko yi ja ba suka zauna cin abincin dare. Annika ta ce ta san ba na cin naman alade, don haka kifi ta soya mini musamman, ga dankali da man shanu. Ƙamshin ya shiga hancina ya sauka har yatsun ƙafa. Tun shinkafar akwatin ashana ban sa komai a ciki ba.

Ta ce, "Za ka ci?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Ta ce, "Ayya, to." Ta rufe kifin ta sa a firji.

Na zauna ina jiran tayi na biyu. Na gyara zama, na yi tari, na yabi kujerunsu. Suka cinye nasu, suka wanke kwano, Baba Henk ya goge tebur. Na hau tsanina na kwance ƙullin ƙuli-ƙuli ina tsotsa a hankali don kar a ji ƙara. Karen gidan ya zo bakin ƙofa yana saurare. Hukuncin da na yanke ranar shi ne matar kirki ce, amma ba ta samu wanda ya rene ta ba.

Washegari taro, a wani zaure a saman ɗakin karatu. Na yi zaton zan ga manya da kwat. Sai na tarar da mutane da riguna kamar na 'yan ƙwallo, wasu da gashi har baya, kowa da allo da wayoyi a gabansa. Da sojan Anka ya leƙo da ya kira jirgin yaƙi. Abin da ya fi ba ni mamaki yadda suke magana. Wata yarinya da ba ta kai 'yata ta fari ba ta miƙe ta ce wa Baba Henk yadda ya tsara katsewa a wani direba kuskure ne tun daga tushe. Na duba ƙofa don in an fara jifa da kujeru. Ya ce, "Nuna mini." Ta nuna. Ya ce, "Gaskiyarki." Aka tashi shan kofi ita ta kawo masa nasa. A Gummi wannan magana sai an kai ta gaban mai unguwa, kuma jikokinsu ba za su auri juna ba.

Suna da wata al'ada kuma. Kowane mai aikin kanel yana da hatimi na kwamfuta da yake buga wa aikinsa, kuma ba a yarda da hatiminka sai waɗanda aka sani sun gan ka ido da ido sun shaida. Sai aka yi layi biyu ana fuskantar juna, kowa da fasfo a hannu. A dubi hoto, a dubi fuska, a karanta dogayen lambobi, a gyaɗa kai, a matsa gaba. Kamar ɗaurin aure, sai dai ba amarya ba goro. Hotona tun ina siriri ne. Wani Bajamushe ya daɗe yana kallo, ya ce kunnuwan dai su ne.

Da rana aka ci burodi da cuku mai sanyi, a tsaye. Wannan ba a yi tayi ba, a tebur aka zube, don haka na ci na mutum huɗu ina kallon taga.

Sannan aka zo kan allona. Baba Henk ya haɗa shi, ya kawo fuskarsa dab da shi, ya danna makunnin da yatsa, a hankali, kamar mai taɓa idon jariri. Fitilar samo ta mutu yadda ya kamata. Ya sake, ta sake mutuwa. Ya ce, "Ban ga matsala ba." Na ce a ba ni bokiti. Aka samo na masu goge-goge, na cika shi da ruwa, na jefa ƙwallon, na ɗora a kan kujera mai taya, na ce wannan tankin Adabka ne, ni kuma iskar farkon damina ce. Na kama kujera na yi ta jijjiga. Allon ya daskare, fitilar samo na ci ba ta da niyyar mutuwa. Zauren ya ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo. Mutanen nan ba abin da ke faranta musu rai irin su ga abu ya lalace a gabansu. Aka sa facina, na sake jijjiga har ruwa ya jiƙe wandona da takalman Baba Henk. Fitila ta mutu sau ɗaya, ta zauna a mace.

Ya ce, "Facin ya yi." Daga bakinsa wannan kirari ne da kalangu. Sai ya ƙara da cewa, "Amma faci a direban da za a cire aikin banza ne. A duk zauren nan kai kaɗai ke da allunan nan suna aiki a wurin mutane. Za ka karɓi riƙon direban?"

Jama'a, abin da ya fito da ni daga Gummi ke nan. Cikina har guɗa yake. Amma kun san yadda ake yi. Ko limancin masallacin unguwa aka ba mutum ai sai ya ƙi, a matsa, ya ce ga wane ya fi shi, dattawa su haɗa shi da Allah, ya share ƙwalla, sannan ya karɓa. Wanda ya karɓa a tayin farko har ya mutu ana cewa dama nema yake. Na sunkuyar da kai, na haɗa hannuwa, na ce, "Haba Baba, ni wa? Ga manya a wurin. Ni ban kai nan ba."

Ya ce, "To. Na gode da ka faɗi gaskiya." Ya juya ga zauren: "Akwai mai so?" Kowa ya dubi allonsa. "Shi ke nan, maraya ne. Yau zan aika facin cirewa." Aka kira mai magana na gaba.

Na zauna da jiƙaƙƙen wando ina jiran wani dattijo ya miƙe ya ce a'a, a sake tambayarsa. Dattijon da ke kusa da ni yana ɓare ayaba.

Na fita ban san inda za ni ba. Kusa da tasha na shiga wani shagon soyayyen dankali don in fake wa yayyafi, ina ta salati ni kaɗai. Sai na ji daga bayan kanta an ce, "Lahiya, malam? Wa yam mutu?" Na kusa faɗuwa. Mamman sunansa, mutumin Tawa ne ta Nijar, ya daɗe a can, amma Hausarsa kamar jiya ya bar kasuwar Gummi. Na zayyana masa komai, har da kifi. Ya yi dariya har ya riƙe kanta.

"Kai, ɗan'uwa! Nan tayi guda na, ba a sakewa. Shekarata ta hwarko yunwa ta kusa kashe ni cikin gidajen mutanen kirki. Su wurinsu in kac ce a'a, kai babba na, ka san abin da kaka so. Su matsa maka, raini na."

"To ka zo mu tahi ka yi min magana. Ka ce dangi sun taru sun lallashe ni."

"In ruhe shago in tai maka biko? Su ce mutumin da bai iya buɗa bakinai, shi za ya riƙe musu aiki? Koma ka ce kana so."

"Da bakina?"

"Da na wa? Ungo dankali. Kuma sau guda zan tambaya."

Na karɓa kafin ya rufe baki.

A kan keke na tuna Inna Kulu maganganu biyu ta yi mini: kar in ba su kunya, kuma ita ba ta aika 'ya'yan mutane gulbi. Da na baro gida ban san za su yi karo ba. Na auna su, ɗaya ta rinjayi ɗaya ba ko kusa.

Na tarar da Baba Henk a teburin kicin, kwamfuta a gabansa, haruffan manya kamar na allon talla. Ya riga ya rubuta facin cirewa. Duk direban ya koma jajayen layuka, alamar abin da za a goge, aikin shekarunsa, kuma fuskarsa kamar mai yanke farce. Na tsaya, gumi na zuba a ƙasar da ba rana.

Na ce, "Baba Henk, ina so. Ina son riƙon direban."

Ya ɗago. "Ɗazu ka ce ba ka kai ba."

Na yi masa bayanin yadda ake yi a wurinmu. Ya saurara kamar ana karanta masa littafin wani sabon furosesa.

"Sau nawa ake tambaya?"

"Uku, in mutum mai mutunci ne."

"In kuma da gaske ba ya so, ta yaya ake ganewa?"

Na ce, "Ana dai ganewa."

Sai Annika ta dafe ƙirji daga bakin murhu ta ce, "Kifin jiya!" Ta buɗe firji da gudu kamar gobara ta tashi a ciki. Ta ɗumama shi ta dire a gabana, ta ce, "Za ka ci? Za ka ci? Za ka ci?" a jere, don a gama da wuri.

Shi kuwa bai goge jajayen layukansa ba. Ya ce riƙon direba ba rawani ba ne. Mutane za su aiko da faci daga ko'ina, wasu sun girme ni, wasu daga manyan kamfanoni, kuma rabin aikin shi ne a ce wa mutum nasa bai yi ba, a fili, a gaban kowa. "Wanda a'arsa ke nufin i, ta yaya zan bar masa wannan?" Ya buɗe wani faci ya juyo mini da kwamfutar. "Nawa ne. Duba."

Na duba. A ciki an sake buɗe wa ƙafa hanyar tsunguli tun furosesa bai amsa na farko ba. In aka sa wannan, ko ba iska allon Adabka sai ya haukace. Ga ni a gidan mutum, sa'an babana, kifinsa a bakina. Na fara da cewa aikin ya yi kyau ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ya ce, "A cire gaisuwa."

Na ce, "Bai yi ba." Na nuna layin.

Ya gyaɗa kai. Har yau ban sani ba ko da gangan ya dasa kuskuren ko idanun ne. Ya goge facin cirewa, ya rubuta wani mai layi biyu, an cire sunansa an sa nawa. Ya ce sai na aika amincewata da kaina a zauren imel inda kowa ke gani. Na rubuta "Na karɓa," na buga hatimi. Yatsana ya yi ta ƙaiƙayin ya gaida jama'a, na danne shi.

Dawowa ba wani labari, sai dai sojan Anka ya gane ni, kuma sai da na duba musu bohol kafin motarmu ta wuce.

Abin kanel ba ya sauri. Sai da aka yi watanni kafin sabuwar manhaja mai facina ta iso allunanmu, dab da faɗuwar damina. Ranar da hadari ya fara haɗuwa na hau kabu-kabu zuwa Adabka. Iska ta taso, tanki na rangaji a kan ƙafafunsa kamar ɗan bori, mata na layi da jarkoki suna kallona ina kallon akwati. Ruwa ya kai baki. Ana jin gurnanin samo ta cikin bututu. Sai ya yi shiru. Iska ta ci gaba da kaɗawa, shi kuwa bai sake motsi ba sai da aka ɗebi ruwa tanki ya sauka.

Inna Kulu ta kulle akwatin ta mayar da mabuɗi bakin zane. Ta ce, "Sanda, ka ci tuwo?"

Na ce, "Kawo, Inna. In da nama a sa."

Ta dube ni daga hula har takalmi, ta juya ga matan da ke layi. "Kun gani ko? Wanga yaro Turai ta lalata shi." Ta tafi ta kawo, da nama.

Don haka masu tare ni a teburin Ɗanjuma su ce "Sanda, bisimilla" don sun san zan ce na ƙoshi, ku sani wancan Sandan yana Holan. Wanda ya yi tayi ya matso da kofin.